Daga Awo Zuwa Ranar Gabatarwa: Yadda Ɗalibi Zai Tafiyar da Aikin Tsara Gida da Ƙawata Ɗaki

Duk wanda ya taɓa zama a ajin koyon tsara gidaje da ƙawata cikinsu ya san abin da ke faruwa ranar da malami ya raba takardar aikin zango. Tun ba a kai ƙarshen takardar ba, rabin ajin sun zaro waya suna laluben hotunan falo masu ɗaukar ido a Pinterest. Daga nan ne yawancin ayyuka suke fara karkacewa. Hoton da ka gani na ɗakin wani ne, da hasken tagarsa, da aljihunsa. Shi kuwa malaminka so yake ya ga ko za ka iya ɗaukar mutum guda da ɗaki guda mai ƙayyadadden faɗi, ka daidaita su, sannan duk layin da ka ja a takarda ka iya faɗin dalilin jansa. Matakan da ke ƙasa duk hidimar wannan suke yi.

Karanta takardar aikin da fensir a hannu

Ka ja layi a ƙarƙashin abu huɗu: me za a miƙa, a wane ma'auni za a zana, a wane girman takarda, kuma yaushe. Idan an ce A3, to faɗinta milimita 297 ne, tsawonta 420, kuma wannan kaɗai zai gaya maka ko zanenka zai shiga ko ba zai shiga ba. Sannan ka duba yadda aka raba maki. Na sha ganin ɗalibi ya kwashe mako biyu yana zaɓen launin labule, alhali launi maki goma ne kacal, tsarin ɗaki da awo kuma maki arba'in.

Ka ƙirga kwanakinka daga ranar miƙawa ka yo baya. Kwana ukun ƙarshe ka keɓe su don bugawa, liƙawa da gyaran kurakurai, kada ka sa musu wani sabon zane. Abin da ya shige maka duhu kuma ka tambayi malami a makon farko. Tun ran gini ran zane.

Wane ne zai zauna a ɗakin?

Wani lokaci malami zai ba ka mutumin, wani lokaci kai za ka samo shi ko ka ƙirƙiro shi. Ko ta yaya, kada ka tsaya a kan "iyali mai mutum huɗu". Wannan ba ya haifar da shawara ko ɗaya. Ka san ƙarfe nawa suke tashi, wa ke aiki a gida, wa ke da ciwon gwiwa, wane kaya suke da shi wanda ba za su rabu da shi ba, me ya fi ba su haushi a inda suke zaune yanzu. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi kowace kawo amsa mai amfani, domin mutum ya fi sanin abin da ke damunsa a kan abin da yake so.

Bari mu ɗauki misali da za mu riƙe har ƙarshe. An ba ka ɗaki mai faɗin mita 3.6 da tsawon mita 4.2, ka tsara wa wata ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare, tana barci da rana, kuma tana karatun ƙaro ilimi. Ka ga daga jimla ɗaya shawarwari sun fara fitowa da kansu: gado ya yi nesa da ƙofa da bangon da hayaniya ke ratsowa, labule ya zama mai kauri wanda ke tare hasken rana gaba ɗaya, teburin karatu ya samu fitilarsa ta daban, kuma a samu wuri kusa da ƙofa inda za ta ajiye jaka da takalmin aiki ba tare da ta shiga da su tsakiyar ɗaki ba. Ka rubuta wannan bayani a rabin shafi, ka liƙa shi a gaban teburinka. Duk lokacin da ka rasa zaɓi tsakanin abu biyu, shi za ka koma ka karanta.

Awo

A nan zan daɗe, domin kuskuren awo ba ya gyaruwa da kyawun fenti.

Ka tafi da tef mai tsawon mita biyar ko fiye, da takarda a kan allo mai matsewa, da abokin da zai riƙe maka bakin tef. Kafin ka auna komai, ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka zana siffarsa da hannu, babba, ka nuna ƙofa da taga da duk wani lungu ko ginshiƙi. Sannan ka fara daga gefen ƙofa ka bi bango kana zagayawa ta ɓangare ɗaya har ka dawo inda ka faro. Kowane bango ka auna shi sau biyu: na farko gaba ɗayansa daga kusurwa zuwa kusurwa, na biyu gunduwa-gunduwa, wato daga kusurwa zuwa bakin taga, faɗin taga, daga taga zuwa ɗaya kusurwar. Idan ka haɗa gunduwoyin ba su ba ka jimlar farko ba, akwai inda ka yi kuskure, kuma gara ka gano shi kana tsaye a ɗakin.

Ka zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kansa. In santimita ce, santimita har ƙarshe.

Akwai abubuwan da ɗalibai suka saba mantawa, sai sun koma gida su tuna: tsayin silin, tsayin bakin taga daga ƙasa, kaurin bango, ta wane gefe ƙofa take buɗewa, inda soket da makunnin fitila suke, inda bututun ruwa ya shigo, da kuma ina gabas take. Ka ɗauki hoton kowane bango a tsaye sosai, ko da kana ganin ba ka bukata.

Sai kuma abin da ba kowa ke yi ba: ka auna ɗakin a karkace, daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta ta can, sannan ka auna ɗaya karkatar. A ɗakinmu na misali, idan kusurwoyin a miƙe suke, kowace za ta ba ka kusan mita 5.53. Idan ɗaya ta fi ɗaya da santimita da yawa, ɗakin a murɗe yake, kuma kabad ɗin da ka zana ya cike bango daga gefe zuwa gefe ba zai zauna yadda kake zato ba. Tsohuwar dabarar magina ta 3, 4, 5 ma tana aiki: ka auna santimita 60 a wannan bango, 80 a wancan, tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ta zama 100 cif idan kusurwar daidai take.

Daga da'irori zuwa fulan

Kada ka fara da rula. Idan aikin na gida ne gaba ɗaya, ka fara da zana da'irori a takarda, kowace da sunan abin da ake yi a wurin: barci, girki, cin abinci, karɓar baƙi, wanka, ajiya. Waɗanda ya kamata su kusanci juna ka haɗa su da layi mai kauri. Kicin yana son kusanci da wurin cin abinci. Ɗakin kwana yana son nisa da ƙofar shiga. Banɗaki da kicin in sun raba bango ɗaya, bututun ruwa ya gajarta, aiki ya yi sauƙi. Baƙon da ya zo bai kamata ya ratsa ta gaban ɗakunan barci kafin ya kai banɗaki ba. Ka yi irin wannan zane sau biyar ko shida, ba ya cin minti goma kowanne, kuma ka adana su duka, domin malamai da yawa suna ba da maki a kan yadda tunaninka ya taso, ba a kan inda ya tsaya kawai ba.

Bayan haka sai fulan, wato zanen ɗaki kamar an yanke ginin a tsayin da ya ɗan wuce mita ɗaya, an ɗauke sama, ana leƙowa. Ma'aunin 1:100 na gida ne gaba ɗaya, 1:50 na ɗakuna da kayan cikinsu, 1:20 kuma na kicin ko banɗaki ko kabad inda ake son a ga kowane ƙaramin abu. A 1:50, mita ɗaya santimita biyu ce a takarda, don haka ɗakin ma'aikaciyar jinyar zai fito santimita 7.2 da 8.4. A 1:20 zai fito 18 da 21, ya zauna daram a A3.

Ga shawarar da na fi ba kowane ɗalibi: ka yanka kayan ɗakin da kwali a wannan ma'auni, gado da tebur da kujera da kabad, ka riƙa tura su a kan fulan da yatsa. Hannu ya fi kwamfuta saurin gwaji a wannan mataki. Ka fitar da tsari uku mabambanta, ka ɗauki hoton kowanne, sannan ka zaɓi ɗaya ka rubuta jimla biyu a kan dalilin da ya sa ka bar sauran.

Duk ƙofa ka zana zagayen buɗewarta, har da ƙofar kabad da ta firji. Akwai wata ɗaliba da na duba aikinta, zane tsaf, launuka sun dace, amma da muka ɗora kamfas muka ja zagayen ƙofar kabad sai ga shi ta daki gefen gado tun ba ta buɗe rabi ba. Ta yi shiru tana kallon takardar, don makonni uku ta yi a kanta. Santimita talatin ce ta raba aikin nan da zama ɗakin da mutum zai iya rayuwa a ciki, kuma abin ya tsaya mini a rai har yau.

Lambobin da jikin mutum ya tsara

Kayan ɗaki ba su sami tsayinsu da ka ba, daga jikin ɗan Adam aka ɗauko su. Mazaunin kujera kusan santimita 45 daga ƙasa, teburin cin abinci ko na karatu kusan 75, kantar kicin kusan 90 da zurfin 60. Kabad ɗin rataye tufafi yana bukatar zurfin 60 don kafaɗar riga ta shiga, da fili kusan 90 a gabansa. Gefen gado a bar aƙalla 60, hanyar da ake yawan bi a cikin ɗaki kuma 90. Bajamushen nan Ernst Neufert ya tattara irin waɗannan ma'aunai a littafinsa da ya fara fitowa a 1936, kuma har yanzu masu zanen gine-gine suna ajiye shi kusa da hannu. Ka neme shi a laburaren makarantarku.

Mu gwada a ɗakinmu. Gado mai faɗin 140 da tsawon 200, kansa a jikin bangon 360, ya bar 110 a kowane gefe idan an sa shi a tsakiya. Ta tsawo kuma, 420 a cire 200 saura 220, a cire zurfin kabad 60 saura 160. Hanya ta wadata. Amma ina teburin karatu? Sai dai a matsar da gadon gefe guda, a bar 60 ta can, a sami 160 ta nan, tebur mai zurfin 60 ya shiga da kujerarsa. Irin wannan lissafi shi ne ainihin aikin.

Idan aikin ya haɗa da mai amfani da keken guragu ko tsoho, lambobin sun canja. Keken yana bukatar da'ira mai faɗin kusan santimita 150 kafin ya juya, ƙofa ta ba da sarari sama da 80 bayan an buɗe ta, gangara kuma kada ta fi 1:12, wato duk hawan santimita ɗaya a ba shi tsawon goma sha biyu. A 1997 ne Ronald Mace da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka suka fitar da ƙa'idoji bakwai na tsarin da kowa zai iya amfani da shi, yaro da tsoho, mai lafiya da mai naƙasa. Ko malami bai nema ba, ka saka wannan tunani a aikinka, domin duk wanda ya yi tsawon rai zai bukace shi. In kuma akwai matakala, ka riƙe lissafin Bafaranshe François Blondel na ƙarni na 17: tsayin taki sau biyu, a haɗa da faɗinsa, ya ba da wajen santimita 63. Tsayi 17 da faɗi 29 sun cika shi.

In kicin aka ba ka

Kusan babu kwas ɗin da ba a ba da aikin kicin, domin a nan ne ake gane wanda ya fahimci zirga-zirgar mutum. A 1926, Margarete Schütte-Lihotzky, 'yar ƙasar Ostiriya, ta tsara wa sababbin gidajen birnin Frankfurt na Jamus wani kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon 3.4, bayan ta nazarci motsin mai girki da lokacin da kowane aiki ke ci. An saka irinsa a gidaje kusan dubu goma. Daga baya, a shekarun 1940, masu bincike a Jami'ar Illinois suka yaɗa dabarar kusurwa uku tsakanin murhu, wurin wanke-wanke da firji: kowane gefe tsakanin mita 1.2 da 2.7, jimlar ukun kuma tsakanin kusan mita 4 da 8. Ka zana wannan alwatika a kan fulan ɗinka da jan biro, ka rubuta tsawon kowane gefe. Ka tabbata hanyar wucewar mutanen gida ba ta ratsa ta tsakiyarta ba, kuma akwai kanta a gefen murhu inda za a sauke tukunya mai zafi. Dabarar an yi ta ne don mai girki ɗaya. Idan mutum biyu ke girki tare a gidan da kake tsarawa, ka faɗi haka, ka faɗaɗa tsakanin kantoci zuwa 120.

Haske

Ka fara da na rana. Tagar da ke kallon gabas tana kawo hasken safe, ta yamma kuma tana kawo zafin la'asar. Kundin dokokin gina gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ya ce gilashin taga ya kai kashi 8 cikin ɗari na girman filin ƙasan ɗaki, ɓangaren da ke buɗewa don iska kuma kashi 4. Ɗakinmu murabba'in mita 15.12 ne, kashi 8 ɗinsa 1.21, don haka taga mai 150 da 120, wadda ta ba da 1.8, ta isa. Amma ka duba dokar ƙasar da aikinka yake, ita ce za ta hau kanka.

Na lantarki kuma ka raba shi uku: na ɗaki gaba ɗaya, na wurin aiki, da na ado. Ana auna hasken da ke sauka a wuri da lux, hasken da kwan fitila ke fitarwa kuma da lumen, kuma lux ɗaya lumen ɗaya ne a kan murabba'in mita. Ɗakin kwana yana wadatuwa da kusan lux 150, wato wajen lumen 2,300 a ɗakinmu, kwan LED uku masu lumen 800 ke nan. Teburin karatu yana son lux 500, wannan kuma aikin fitilar tebur ne. Launin hasken ma shawara ce, kuma da kelbin ake auna shi: kelbin 2700 zuwa 3000 yana da ɗumi, yana kwantar da jiki, 4000 fari ne na aiki. Ga wadda za ta dawo da asuba tana neman barci, mai ɗumin ya dace da gefen gado. Ka zana wannan a fulan na daban, ka nuna wane makunni ke kunna wace fitila.

Launi da allon samfura

Sai yanzu lokacin hotunan nan na Pinterest ya yi. Ƙa'idar da ake fara koya wa ɗalibai ita ce 60, 30, 10: launi ɗaya ya mamaye kashi sittin, na biyu talatin, na uku mai ƙarfi goma. Ba doka ba ce, sanda ce ta dogarawa har ƙafa ta yi ƙwari. A allonka ka liƙa abu na gaske in da hali: ƙyallen labule, ɓallin tayil, guntun katako, takardar da ka shafa wa fentin. Ka ba kowanne girma gwargwadon wurin da zai ci a ɗakin, kada samfurin matashin kujera ya fi na bango girma. Ka kalli allon da rana a bakin taga, ka sake kallonsa da dare a ƙarƙashin irin kwan da ka zaɓa, domin launi yana canja fuska. Kowane samfuri ka rubuta masa suna, inda za a sa shi, da yadda ake tsabtace shi.

Lissafin kaya

Zagayen ɗakinmu mita 15.6 ne. In tsayin silin 2.8 ne, bango ya zama murabba'in mita 43.7, a cire ƙofa da taga saura kusan 40. Shafi biyu 80 ke nan, kuma in lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 10, kamar yadda za ka tabbatar a jikin gwangwanin, lita takwas kake bukata. Tayil ɗin ƙasa kuma ka ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan murabba'in mita 15.12 saboda yanka da fashewa, ya zama kusan murabba'in mita 17. Ka jera komai a jadawali: suna, girma, adadi, farashi, da ranar da ka samo farashin. Ka ware wani kaso na kasafin don abin da ba a zata ba. Idan jimlar ta haura abin da aka ƙayyade, ka rage daga ado, kada ka taɓa katifa da kujerar karatu da labulen, tunda su ne rayuwar mai ɗakin.

Samfuri da kwamfuta

Cikin manhajojin zane na kwamfuta, SketchUp yana da sauƙin koyo, AutoCAD kuma shi ne aka fi sani wajen zanen aiki. Amma kada ka fara koyon sabuwar manhaja saura mako guda a miƙa aiki. Samfurin farin kwali a 1:20, wanda aka yanka da sabuwar reza a jikin rular ƙarfe, ya fi hoton kwamfuta da aka yi a gurguje. Ka tsayar da ɗan mutum na kwali a ciki, santimita 8.5 in tsayinsa 170 ne, sannan ka haska tocila ta tagar ka ga inda hasken ke faɗawa. In da kwamfuta ka yi, ka ajiye kwafi a wuri biyu kowane dare, kuma bayan an buga ka ɗora rula a kan takardar, domin na'urar bugawa takan rage zane don ya shiga shafi, ma'auninka ya lalace ba ka sani ba.

Ranar gabatarwa

Ka jera allonka yadda ido zai bi labarin: mai ɗakin da bukatunta, ɗakin yadda ka same shi, gwaje-gwajenka, fulan na ƙarshe a tsakiya kuma shi ya fi girma, zanen fuskar bango, haske, samfura, lissafi. Kowane zane da sunansa da ma'auninsa da kibiyar arewa.

Da ka tashi magana, ka fara da mutumin. "Wannan ɗakin ma'aikaciyar jinya ne mai barci da rana, shi ya sa na kai gadon nan" ya fi "na zaɓi shuɗi saboda yana burge ni" nesa ba kusa ba. Ka gwada jawabin da agogo sau biyu a gida. Idan malami ya nuna maka kuskure na gaske, ka amsa shi, ka faɗi yadda za ka gyara. In kuma kana da dalili, ka nuna shi a kan zanen da yatsa, da lambarsa. Ka roƙi wani abokinka ya riƙa rubuta duk abin da aka faɗa, don kai a tsaye ba za ka riƙe rabinsa ba. Da an tashi, kafin a fara ɗaga alluna, ka ɗauki hoton samfurinka ta kowane gefe a wuri mai haske, ka haɗa da zanukan da'irorin nan na farko a jaka ɗaya, ka rubuta sunan aikin da shekara a bayanta.